Gidan gadonmu a Tudun Jukun ya yi wata tara a kasuwa, ina mafita?

Shehu Tudun Jukun: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar mana gida a Tudun Jukun, nan Zariya. Ba wanda muke ciki ba, na haya ne. Ciki da falo huɗu, shago biyu a waje, rijiya a tsakar gida, ginin bulo. Fuloti ɗaya ne cikakke, ƙafa 50 da 100. Mu takwas ne magada har da Inna. Muka yanke a sayar a raba, don ƙanwata za a yi wa aure bayan Sallah, ni kuma jarina ya karye. Mun sa naira miliyan 22. Yau wata tara. Waɗanda suka zo gani sun fi mutum ashirin, tayi mafi tsoka da muka samu miliyan 16 da rabi, muka ce albarka. Tun daga nan shiru kake ji. Don Allah wanda ya taɓa sayar da gida a wannan yanayi ya faɗa mini inda muke kuskure.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam Shehu, ba ku kaɗai ba ne. A layinmu a Samaru gida uku ne aka rubuta wa "na sayarwa" da jan fenti, har rana ta cinye rubutun.

Auwalu Bakano: Ku Zage-zagi dama ciniki bai karɓe ku ba, boko kuka iya. Da a Kano ne da tuni an sayar, an raba, an ci kuɗin, an fara faɗa.

Hajiya Talatu Gyallesu: Auwalu, shekara nawa kana Kwangila kana cin arzikin Zage-zagin? In ba ka da shawara ka ba mu wuri.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Malam Shehu, Allah ya gafarta wa mahaifi. Na daɗe a dillancin gida da fili tsakanin Sabon Gari da Dogarawa, bari in tambaye ka abu uku kafin in ce komai. Dillali nawa kuka ba gidan? Wace takarda ke hannunku? Kuma wa ya yi muku kuɗin nan na miliyan 22, ku kuka zauna kuka yanka ko kun kira wanda ya san kasuwa?

Shehu Tudun Jukun: Alhaji, dillalai kam ban san adadinsu ba. Ni na ba mutum biyu, yayana ya ba nasa, mijin wata ƙanwar tawa ma ya ba wani. Takarda kuwa ta cinikin da Baba ya yi ce a 1994, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Farashi mu muka yanka. Mun ji an sayar da wani a bakin titi miliyan 25, muka rage uku.

Alhaji Ɗanladi Dillali: To ga ciwon nan ka faɗe shi da bakinka. Gidan da ya shiga hannun dillalai barkatai ya zama bazawara, kowa ya san shi, kowa yana tambayar me ya hana a ɗauka. Ka ba mutum biyu, su kuma kowa ya ba 'yan kayi-nayi biyar, kowane ɗan kayi-nayi ya ɗora nasa a kai. Kai kana cewa 22, a majalisar PZ ana cewa 25, a Tudun Wada ana cewa 27. Mai saye ya ji farashi uku a kan gida ɗaya, sai ransa ya ba shi akwai lauje cikin naɗi, ya kama gabansa. Ba ina kare sana'ata ba ne, a cikinmu akwai masu wannan hali, na sani. Ku janye gidan daga hannun kowa na mako biyu ko uku. Sannan ku ba mutum ɗaya a rubuce: ga farashi, ga la'adarsa, ga wa'adin wata biyu, in bai kawo mai saye ba ku karɓe. Mu a nan abin da aka saba kashi 5 cikin 100 ne, amma a yi maganarsa tun farko, kada sai kuɗi sun shigo a fara tada jijiyar wuya.

Batun na bakin titi kuwa, ku cire shi a lissafi. Gidan da mota ke tsayawa a ƙofarsa daban, na cikin lungu daban, ko da katangarsu ɗaya. Kuma "mun ji an sayar" ba hujja ba ce. Mai sayarwa yakan ƙara in yana ba da labari, mai saye yakan rage.

Nura Palladan: Alhaji, ni ban yarda da a ba dillali ɗaya ba. In ya zama malalaci fa? An ɗaure gida wata biyu a banza. Yanzu zamani ya canza. A ɗauki hoto mai kyau da bidiyo a sa a Facebook da WhatsApp, 'yan Zariya da ke Abuja da Legas da Saudiyya su gani. Su ne masu kuɗin yanzu, ba mazauna gari ba.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Nura, ɗana, sa hoto ba laifi. Amma wanda ke Abuja ba zai turo miliyoyi don ya ga bidiyo ba. Ƙaninsa zai aiko, ƙanin kuma wurinmu zai zo ya tambaya.

Nura Palladan: Na ji, amma ko hoton ma a iya ɗauka. Jiya na ga wani an ɗauka da magariba, ga shanya a igiya, ga akuya a ɗaure, ga bokitin wanki. Wa zai yi sha'awa? A ɗauka da hantsi, a share tsakar gida, a fara daga titin da ake shigowa har ƙofa, a nuna rijiyar da ruwanta. A rubuta girman fili da yawan ɗakuna da farashi ƙarara. Wannan "sai ka zo mu yi magana" yana korar mutane. Lambar waya kuma ɗaya tak.

Barista Rabi: Malam Shehu, ni takardar ce ta tsaya mini. Ta 1994 sunan marigayi ke kanta, kuma shi ba ya nan. Wanda zai ba da miliyan ashirin yau yana so ya san wa zai sa masa hannu, kuma ba wanda zai fito bayan shekara biyu ya ce ba da yawunsa aka sayar ba. Kun je kotun shari'a an tabbatar da magada? Akwai takardar da ku takwas ɗin kuka sa hannu kun amince a sayar, kun wakilta mutum ɗaya? In babu, to mai hankali ko ya zo ya gani ya yaba, lauyansa zai ce ya dakata.

Na biyu, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfaninta, amma ba ita ce C of O ba, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati. A jihar nan ta Kaduna KADGIS, hukumar rajistar filaye, ke kula da wannan tun zamanin gwamnatin El-Rufa'i, kuma suna da tsarin yi wa irin waɗannan gidaje na cikin unguwa rajista. Ko ba ku kai ga karɓar takardar ba, ku fara, ku riƙe shaidar an buɗe muku fayil. Tun rusau ɗin da aka yi a unguwar Graceland a 2021 mutanen Zariya suka shiga taitayinsu. Da can mai saye ɗakuna yake fara ƙirgawa, yanzu takarda yake fara tambaya.

Shehu Tudun Jukun: Barista, gaskiya ba mu je kotu ba. Malami muka kira ya lissafa mana, ya fitar wa Inna tumuninta, sauran namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Kuma tunda an zo nan bari in faɗi gaskiya. Yayarmu da ke aure a Funtuwa ba ta so a sayar. Ta ce gidan Baba ne, a bar shi ana karɓar haya. Ba ta hana ba, amma ba ta ce e ba.

Hajiya Talatu Gyallesu: Af! To ai ka ga inda gizo ke saƙa. Malam Shehu, wallahi unguwa ta riga ta sani. Duk wanda ya zo ganin gida, da ya fita sai ya tsaya wurin mai shayi ko mai kanti ya yi tambaya. Kalma ɗaya za a ce masa, "akwai wadda ba ta yarda ba", shi ke nan ba za ka sake ganinsa ba. Ni na ga haka a gidan kawuna a cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Shekara uku ana abu ɗaya, sai da aka tashi tsofaffi biyu suka je suka zauna da wanda ya ƙi, ashe shi ba kuɗin ne damuwarsa ba, ba a shawarce shi ba ne tun farko, a bakin dillali ya ji. Ku ɗauki Inna ku je Funtuwa da ƙafarku. Kada ku yi ta waya.

Malam Yusha'u: Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara da abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa: wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato in abokin tarayyarsa ya sayar da kasonsa ga bare, shi ya fi cancanta ya karɓa a kan wannan kuɗin. Saboda haka ku fara yi wa yayar taku tayi. In tana son gidan Baba ya zauna, ita da mijinta ko 'ya'yanta su sayi kason masu buƙata, ko da kashi-kashi ne. Maƙwabci a mazhabarmu ba shi da wannan haƙƙi na tilas, amma kyautatawa ce a fara sanar da shi, kuma sau da yawa ma shi ne mai sayen. Wanda ke jikin katangarku yana da 'ya'ya maza da suka isa aure, ya fi kowa sanin darajar wurin.

Sai kuma gargaɗi. Kada a kawo wani ya yi tayin ƙarya a gaban mai saye don a zuga shi, wannan shi ne najashi, an hana. Kuma in akwai aibi a faɗa. Hadisi ya tabbata cewa masu ciniki in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar.

Injiniya Bala Hanwa: Tunda Malam ya kawo aibi, Malam Shehu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin 1994 ko kafin nan, na tabbata akwai abin da ke korar mutane. Yaya kwano? Yaya gindin bango? Masai fa?

Shehu Tudun Jukun: Ɗaki biyu na yoyo, silin ya yi baƙi ya lotsa. Gindin bangon baya yana jiƙa da damina, filasta na zuba. Sokawe ya kusa cika. Yayana cewa ya yi mu ranci miliyan uku mu sa tayil da silin na zamani mu yi fenti, wai sai ya fi daraja.

Injiniya Bala Hanwa: Kada ku kuskura. Kuɗin da kuka zuba a tayil ba zai dawo ba, wanda ya saya wataƙila ma fasa shi zai yi ya sa wanda matarsa ke so. Ku gyara abin da ke tsorata ido da hanci kawai. A canza fallayen kwanon da suka huje, a cire silin da ya lotsa a sa sabo, a kwashe sokawe, a buɗe kwatar da ke bayan gida don ruwa ya daina kwanciya a gindin bango, domin yawanci daga nan jiƙar take. A bar bangon ya bushe kafin a yi masa filasta. Zaure da fuskar gida a shafa musu fenti mai sauƙi. Amma kada a shafe bangon da ke jiƙa da fenti don a rufe, damina ɗaya za ta tona, kuma ka ji abin da Malam ya ce. Ni in zan duba wa mutum gida ma na fi so in je a watan Agusta, lokacin gida ba ya iya ƙarya.

Ku duba bashin wuta kuma. Gidan haya da ba mita mai kati, sai ka tarar an tara bashi na shekaru, mai saye ya gaji abin da bai ci ba.

Maman Hanif: Ba wanda ya yi maganar 'yan haya. Ni 'yar haya ce, bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Ranar da aka ce za a sayar da gidan da kake ciki, barci ya ƙare. In ba a yi maka bayani ba, duk baƙon da ya shigo kallon maƙiyi za ka yi masa. Na san matar da in an zo ganin gida sai ta ce, "Ku dai duba da kyau, rijiyar nan ƙafewa take tun watan Fabrairu." Ku tara su ku gaya musu gaskiya, ku yi musu alkawarin ba za a tashe su ba sai kuɗinsu ya ƙare, ku riƙa sanar da su kwana ɗaya kafin a kawo mai gani. Gidan matan aure ne, ba a faɗo musu da maza da tsakar rana ba sallama.

Barista Rabi: Haka ne. Kuma sayar da gida ba ya kashe hayar da ke gudana. Mai biyan shekara, in ba a rubuta wani abu daban ba, galibi notis ɗin wata shida ne. A gaya wa mai saye ranar da kuɗin kowa zai ƙare, a rubuce.

Auwalu Bakano: To wasa a gefe, bari Bakano ya yi muku lissafi. Malam Shehu, nawa gidan ke kawowa a shekara?

Shehu Tudun Jukun: Ciki da falo dubu 150 kowanne, shago dubu 120 kowanne.

Auwalu Bakano: Dubu 600 da dubu 240, dubu 840 ke nan, in kowa ya biya, ba a cire gyara ba. Wanda ya ba ku miliyan 22 sai ya shekara 26 kafin kuɗinsa su dawo. Wane ɗan kasuwa ne zai yi haka? Wanda ya taya 16 da rabi ba raina ku ya yi ba, lissafi ya yi. Kuma ku duba abin da jira ya ci muku. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙididdigar gwamnati. Kayan ɗakin da za ku yi wa ƙanwarku, kuɗinsu na wata tara da suka wuce ba shi ne na yau ba. Da kun sallama a 17 ko 18 kun juya kuɗin, da yanzu wani zance ake. Ni a ganina ku nemi mutumin nan, ku ce ya gyara tayinsa.

Injiniya Bala Hanwa: A nan kam ban bi ka ba, Auwalu. Hauhawar da kake faɗa ai ita ce hujjar kada a yi gaggawa. Naira ce ke narkewa, ba gini ba. Kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 buhun siminti bai wuce dubu biyar ba, farkon 2024 ya haura dubu goma. Je ka sayi fuloti a Tudun Jukun yau, in ma ka samu, ka gina ciki da falo huɗu da shago biyu, ka gaya mini nawa ka kashe. Wanda ya sayar da arha ya riƙe takardun naira, shi ne ya yi asara.

Auwalu Bakano: Injiniya, wannan lissafin wanda ba shi da buƙata ne. Mutum ya ce maka aure na tafe, jari ya karye. Bulo ake kaiwa gidan miji? Abin da ka kashe wajen gini daban, abin da mutane ke iya biya daban. Ma'aikacin jami'a da a da yake tara kuɗi ya sayi gida a Hanwa ko Zango, yanzu albashinsa a mai da abinci yake ƙarewa. Manoman Soba da Giwa da Maƙarfi da kan shigo da kaka su sayi gida a gari, faɗuwar farashin masara a 2025 ga tsadar taki ta karya da yawansu. Wa ya rage?

Alhaji Ɗanladi Dillali: Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa ba a gama wannan musu. Amma akwai hanyoyi tsakanin "22 ko a fasa" da "16 a karɓa". Na sha haɗa cinikin da aka ba da rabi a hannu, sauran cikin wata uku ko huɗu, takardun asali suna wurin lauya ko wani dattijo da aka yarda da shi har a cika. Na haɗa wanda aka ba da kuɗi da fili a Dakace a matsayin ciko, magajin da ba ya gaggawa ya ɗauki filin a kasonsa. Akwai kuma yanka gida: tunda shagunan na waje ne, wani zai iya sayen su daban, masu miliyan huɗu sun fi masu miliyan ashirin yawa a gari. Sai dai wannan yana rage wa sauran gidan kwarjini, a yi tunani.

Abin da ban so shi ne kafin alƙalami mara wa'adi. Mutum ya ajiye dubu 500 ya ɗaure muku gida wata biyar, ku ba ku sayar ba, ku ba ku fasa ba. A rubuta rana, a rubuta abin da zai faru in ranar ta wuce.

Barista Rabi: Kuma kuɗi ta banki, Alhaji, zuwa asusun da magada suka amince da shi. A ga shigarsu a asusun da ido, ba a saƙon waya ba, kafin a miƙa ko da kwafin makulli. Yanka gida kuma a tambayi hukuma tukuna, kada a raba abin da ba za a iya yi wa takarda biyu ba.

Nura Palladan: Malam Shehu, yanzu na tambayi wani abokina mai harkar. Gidan da ke da shago biyu, ƙofa ruwan toka, kusa da injin markaɗe? In shi ne, wata uku da suka wuce an kai masa shi a miliyan 26.

Shehu Tudun Jukun: Innalillahi. Shi ne. Wallahi ko sau ɗaya ba mu taɓa cewa 26 ba.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Ka gani ko.

Hajiya Talatu Gyallesu: Ni dai Funtuwa nake jaddadawa. Duk sauran ba sa yiwuwa sai da sa hannunta.

Shehu Tudun Jukun: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa yayana duka, ya yarda a bar maganar tayil, amma ya ce shi ƙasa da 20 ba zai sa hannu ba, sai mu ga yadda za a yi da shi. Gobe zan bi dillalan in ce su dakata. Inna ta ce ranar Asabar mu shirya mota. Injiniya, in ba damuwa ina so ka zo ka duba mana bangon nan kafin mu kira magini. Barista, takardar wakilcin nan, dole sai kowa ya zo da kansa, ko wanda ke nesa zai iya sa hannu a aiko? Ƙaninmu ɗaya yana Fatakwal.

Barista Rabi: Zai iya sa hannu a can gaban shaidu ya aiko, amma tunda za ku kotu, ku fara jin abin da alƙali zai nema, kada ku yi aiki biyu.

Injiniya Bala Hanwa: Laraba bayan la'asar ina nan. A tanadar mini tsani, kwanon ma zan hau.

Auwalu Bakano: In yayanka ya sauko 18 a taɓa ni, ina da mutum a Kwari.